Kafin Mu Ɗora wa Kishiya Kumburin Cikin Jariri

 

Ku ɗauko littafin da kuke kan rubutawa, ko wanda kuke bi a waya, ku ƙirga sau nawa gaban wata ya faɗi. Ku ƙirga sau nawa zufa ta keto wa wani, tsikar jikinsa ta tashi, yawun bakinsa ya ƙafe, hantar cikinsa ta kaɗa, ƙirjinsa ya shiga dukan uku-uku. Kafin ku kai babi na biyar yatsun hannu sun ƙare. Da waɗannan kalmomi muke cin abinci. In aka ƙwace mana su, rabin littattafan soyayyarmu za su koma kamar rahoton ofishin 'yan sanda.

Duk abubuwan nan da na lissafa, babu ɗaya da mutum ke yi da gangan. Ba wanda ke ce wa zuciyarsa ta ƙara sauri, ba wanda ke umartar hanjinsa ya tura abinci. Aikin wasu jijiyoyi ne da ba sa jiran izinin mai jiki. Mu marubutan Hausa mun ƙware wajen siffanta aikinsu, amma ba mu damu da sanin yadda aka gina su ba. Da a ce abin ya tsaya kan faɗuwar gaba da zufa, da ban ɓata muku lokaci ba. Inda gizo ke saƙa shi ne ranar da ginin nan ya samu tangarɗa a jikin jariri. Nan take alƙalaminmu ke nuna kishiya, ko uwar miji, ko wata tsohuwa ta bayan layi da aka daɗe ana zargi da maita. Ra'ayina shi ne wannan ɗabi'a ta rubutu ba ƙaramar ɓarna take yi ba, kuma lokaci ya yi da za mu bar ta.

Ni ba likita ba ce, difloma gare ni. Amma abin da zan faɗa ba sirri ba ne, yana cikin littattafan da ɗaliban lafiya ke karantawa a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke nan Kalgo.

Bari mu fara daidaita kalmomi, tunda sana'armu ke nan. Hausa ta zuba abubuwa da yawa a cikin kalmar jijiya: akwai wadda jini ke bi, akwai mai tauri da mahauci ke cirewa a jikin nama, akwai kuma mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da sassan jiki. Ta ukun nake nufi. A cikin masu kai saƙon ma akwai waɗanda ke bin umarninka, kamar lokacin da ka ɗaga hannu, akwai kuma waɗanda wani masani ɗan Ingila, John Langley na Jami'ar Kambirij, ya raɗa wa suna a 1898 da wata kalma mai ma'anar mulkin kai. Mu sai mu ce jijiyoyi masu cin gashin kansu. Rassa uku gare su. Reshe ɗaya na zaburarwa ne, shi ke sa zuciya gudu da zufa da buɗewar ƙwayar ido in an tsorata. Na biyu na kwantarwa ne, shi ke rage bugun zuciya, ya tsatso yawu da hawaye. Na uku yana shimfiɗe cikin bangon hanji tun daga maƙoshi har dubura, da ƙwayoyin jijiya fiye da miliyan ɗari, kuma shi ke matsa abinci gaba har ya fita.

Kalma ta biyu ita ce ƙwayar halitta. Kafafen labaranmu kan kira abu biyu da wannan suna, abin da ke rikita mai karatu. A nan zan raba su. Ƙwayar halitta ita ce tubalin da aka gina jiki da shi. Ƙwayar gado kuwa umarni ne da ke rubuce cikin DNA a cikin kowane tubali, yana faɗa masa abin da zai zama da abin da zai yi. Mutum yana da irin waɗannan umarni kusan dubu ashirin, rabin kwafin daga uwa, rabi daga uba.

To yaya ginin yake?

A mako na uku zuwa na huɗu da shigar ciki, lokacin da tayi bai kai ƙwayar shinkafa ba, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da juna biyu ba, wani fefe a bayan tayin yakan naɗe kamar yadda ake naɗe tabarma, ya zama bututu. Wannan bututu shi zai zama ƙwaƙwalwa da laka. A daidai inda bakin biyu suka haɗu, sai wasu ƙwayoyin halitta su ɓalle su kama hanya. Wani masani ɗan Suwizalan, Wilhelm His, shi ya fara ganinsu a cikin ƙwan kaza a 1868. Ni ina kiransu matafiya, don 'yan ci-rani ne na gaske. Wasu su tafi fata su zama masu ba ta launi. Wasu su tafi fuska su zama ƙashin muƙamuƙi. Wasu su sauka kan ƙoda su zama masu fitar da sinadarin da ke sa gaba faɗuwa. Wasu su jeru a gefen ƙashin baya su zama reshen zaburarwa. Wasu kuma su shiga hanji.

Wadda ta bi sawun tafiyar nan daki-daki wata Bafaransa ce, Nicole Le Douarin, wadda ta yi shekaru tana koyarwa a sakandare kafin ta shiga bincike. A 1969 ta lura cewa ƙwayar halittar salwa tana da wani ɗigo a tsakiya wanda ta kaza ba ta da shi. Sai ta riƙa yanko ɗan yanki daga tayin salwa tana dasawa a tayin kaza, ta rufe ƙwan, bayan kwanaki ta duba inda masu ɗigo suka sauka. Da haka aka gane cewa yawancin jijiyoyin hanji daga wajen ƙeya suka taso. Ku dubi nisan hanyar: daga ƙeya su shiga ta saman hanji a mako na huɗu, suna tafe suna hayayyafa, sai wajen mako na bakwai na gaba-gabansu ke isa ƙarshen babban hanji. Ku riƙe wannan lokaci, zan dawo kansa.

Matafiyi ba ya tafiya da ka. Ƙwayoyin gado su ke ba shi guzuri, su nuna masa hanya, su kuma faɗa masa sana'ar da zai kama in ya sauka. Waɗanda suka yada zango kusa da babbar jijiyar jinin tayi sukan samu saƙo daga bangonta, saƙon ya kunna wata ƙwayar gado mai suna PHOX2B, ita kuma ta kunna wasu, har ƙwayar ta koyi sarrafa sinadarin da za ta riƙa aika saƙo da shi. A 1999 wasu masu bincike a Faransa, cikinsu akwai Jean-François Brunet da Christo Goridis, suka kashe PHOX2B a jikin ɓeraye. Sakamakon ya girgiza masana: rassan nan uku duka suka kasa ginuwa. Ƙwayar gado guda ɗaya tal, amma in babu ita babu zaburarwa, babu kwantarwa, babu jijiyar hanji. Masu shiga hanji kuma suna ɗauke da wata ƙwayar gado, RET, wadda ke ba su abin da zan kira hanci. Bangon hanji na fitar da wani sinadari, su kuma suna shinshinarsa suna bi. A 1994 aka nuna cewa ɓeran da ba shi da RET ana haifarsa ba jijiyar hanji, ba kuma ƙoda. A shekarar ce aka samu tangarɗar RET a jikin yara masu wata cuta da zan yi magana a kanta yanzu.

Wani zai ce me ya haɗa mu da ɓera. Abin da ya haɗa mu shi ne duk dabbobi masu shayarwa da tsari ɗaya aka gina su a wannan fanni. PHOX2B ɗin ɓera da na doki da na ɗan Adam aiki guda suke yi. Ga misalin da zai burge masu son dawaki: a Amurka akwai wasu dawakai masu dabbare-dabbare waɗanda in aka haɗa biyu masu ɗauke da wata tangarɗa, wani lokaci sai a haifi ɗan duƙushi fari fat, ya miƙe ya sha nono lafiya lau, amma cikin 'yan kwanaki ya mutu saboda hanjinsa ba ya tura komai. A 1998 aka gano ƙwayar gadon, EDNRB. Farin da toshewar hanjin tushensu ɗaya, matafiyan ne ba su isa fata ba, ba su isa hanji ba. Kada dai wani ya ga kili ranar hawan Sallah a Birnin Kebbi ya ce na ce mara lafiya ne, wancan wani jinsi ne dabam.

Yanzu mu dawo gida.

In matafiyan hanji suka gaji a hanya, ko suka yi kaɗan, sai ƙarshen babban hanji ya zauna babu jijiya. Wurin da babu jijiya kuwa ba ya saki, a tsuke yake zama kamar bakin jakar da aka zuge. Kashi ya zo ya tarar da hanya a rufe, sai ya taru a sama, hanjin ya buɗe, ciki ya kumbura. Wani likitan yara ɗan ƙasar Denmak, Harald Hirschsprung, shi ya bayyana cutar a 1886, da sunansa ake kiranta har yau. Ƙididdigar da likitoci ke aiki da ita ita ce jariri ɗaya cikin kimanin dubu biyar, kuma maza sun ninka mata wajen sau huɗu. Ɗaya cikin dubu biyar kamar ba yawa, sai ka zauna ka tuna yawan ragunan sunan da ake yankawa a shekara daga Gwandu zuwa Dalijan da Kambaza, daga Kalgo zuwa Diggi da Zuguru, ka haɗa da Jega da Aliero da Bunza.

Alamarta ta farko kowace ungozoma za ta iya ganewa. Jaririn da ya cika watanninsa yakan yi baƙin kashin nan na farko cikin kwana ɗaya. In aka kwana biyu bai yi ba, ga ciki na tashi, ya ƙi nono, musamman in ya yi amai kore, to ba maganar jira ba ce, maganar asibiti ce a daren. Ba lallai ne cutar Hirschsprung ba, akwai jariran da ake haifa da toshewar hanji ta wata hanya ko ma ba ƙofar dubura, amma duka maganinsu na hannun likitan tiyata. Wani yaron kuma wurin da ya rasa jijiyar gajere ne, sai ya rayu da ita shekaru: kashi sai an yi mako, ciki tulu guda, ƙafafu sirara, a ce basir ne, a ce saifa ce, a yi ta ɗura masa jiƙo. Ana tabbatar da cutar ne ta hanyar ɗebo ɗan tsokar dubura a duba a madubin likita ko akwai ƙwayoyin jijiya. Kuma tana da magani. Tun 1948 wani likita a Amurka, Orvar Swenson, ya fara yanke wurin da babu jijiya ya jawo lafiyayyen hanji ya haɗa da dubura. Ana yin wannan aiki a manyan asibitocin koyarwa na Arewa, kuma likitocin tiyatar yara na Zariya sun daɗe suna rubutu a kan matsala guda: ana kawo yaran a makare, bayan hanjin ya kamu da ƙwayoyin cuta ko yaron ya rame.

Ga inda nake so ku tsaya ku yi tunani. Tafiyar nan ta matafiya a mako na bakwai take ƙarewa. Ke nan abin da ya kumbura cikin jariri ranar suna, an gama shi tun kafin cikin ya fito, tun kafin kishiyar ta san amarya na da ciki. Kunun da ta dama wa maijego ba shi ba ne. Kallon da ta yi wa yaron ranar da ta zo barka ba shi ba ne. Amma mu a shafi na sittin mun riga mun nuna ta a gaban boka tana kwance bakin zani.

Ku ce mini labari ne kawai. Ni kuma in ce muku ku dubi su wa ke karanta mu. Yarinyar da ke sauraren littafinki a YouTube tana tsintar shinkafa, ita ce baɗi za ta tafi wankan gida da ɗan fari. Ba ta taɓa jin sunan Hirschsprung ba, amma ta karanta littattafai goma da jariri ya kumbura saboda asiri, kuma a duka goman malamin da aka ɗauko daga wani ƙauye ne ya karya shi, yaron ya yi atishawa ya warke. Ranar da nata ya kumbura, wace hanya kike jin zuciyarta za ta fara nuna mata? Ba mu muka ƙirƙiro zargin nan ba, a gida muka tarar da shi. Amma mu muke sabunta masa fenti kullum, muna aika shi cikin wayoyi dubbai. Kwana biyun da aka ɓata ana dauri da hayaƙi da kiran wanzami ya yi tsaga a ciki, su ne kwana biyun da ake rasa yaro a cikinsu. Bayan an rasa shi kuma sai a shiga asara ta biyu, wata baiwar Allah ta ƙare rayuwarta da tambarin ta kashe ɗan kishiya, 'ya'yanta su gaji gaba da 'yan ubansu.

Na san abin da wasunku za su ce, don mun sha yin musun nan a taron ƙungiya. Na farko, sihiri gaskiya ne, kambun baka gaskiya ne. Ban zo musanta abin da malamai suka tabbatar ba. Tambayata ita ce, don akwai ɓarayi a gari sai duk akuyar da ta ɓata a kama maƙwabci? Zargi ba hujja shi ma malaman sun yi magana a kansa. Kuma mu 'yan ƙasar Gwandu bai kamata a koya mana cewa kula da jiki da sanin sababi ba sa karo da imani da ƙaddara ba. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda hubbarensa ke cikin garin Gwandu, yana da littafi mai suna Masalihul Insan, kan maslahohin ɗan Adam da suka shafi addini da kuma jiki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubutu kan ciwon ido da kan basir. Kusan shekara ɗari biyu ke nan. Mutanen da ke jan ragamar daula ba su ga ƙasƙanci ba wajen zama su rubuta yadda ake maganin basir, sai mu masu wayar hannu ne binciken minti talatin zai gagara?

Na biyu, za a ce adabi ba ajin kimiyya ba ne, masu karatu kishiya suke so. Na yarda da rabin maganar. Allah ya kiyashe mu da babin da likita zai zaunar da iyaye ya yi musu lacca shafi uku da Turanci. Ba shi nake kira a yi ba. Amma masu cewa in an cire boka labari ya lafa, ina ganin ba su kalli abin da ke cikin gaskiyar ba. Ga yarinya 'yar shekara sha bakwai da ɗan fari, kunya ta hana ta ko ɗaukarsa a gaban mutane, balle ta buɗe baki ta ce Inna yaron nan bai yi kashi ba. Ga kaka da ta yi renon 'ya'ya tara, ta san dauri, ba ta ga dalilin da za a fita da jariri kafin suna ba, kuma ba mugunta ce ke sa ta ba, ƙauna ce. Ga miji yana Legas ci-rani, wayarsa a kashe, ba wanda zai ba da izini. Ga kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi, daga can a ce sai Sakkwato, shinkafar fadama kuma ba ta isa yanka ba. Ga likita yana cewa sai an fara fito da bakin hanji ta gefen ciki na ɗan lokaci, dangi na cewa ba a taɓa yi a zuri'arsu ba. Ga kuma kishiyar, wadda kowa ke kallo da wutsiyar ido, ita ce mai akuyar da za a sayar. Wanda ya ce babu labari a nan, to ba labari yake nema ba, hanyar da aka saba yake nema. Boka sauƙi ne ga marubuci, don yana ɗauke masa wahalar gina mutane.

Mun ma saba da ragon bincike a kan cuta gaba ɗaya. A littattafanmu cuta uku ce: hawan jini ga Alhaji, ciwon zuciya ga wadda aka yi wa auren dole, sai aman jini ga wanda budurwa ta yaudara. Likita kuma aikinsa ɗaya, ya fito yana share gumi ya ce a yi haƙuri.

Akwai ƙorafi na uku, shi ne ya fi nauyi a wurina, kuma ba a cika kawo shi ba. In muka cire kishiya muka sa gado, ba mu sauya wanda ake zargi kawai ba? Gobe a ce jinin gidan su amarya ne, a sake ta. Wannan tsoro gaskiya ne, mun gani a kan sikila, inda har yau wasu dangin miji ke ɗora wa uwa ita kaɗai alhali sai iyaye biyu sun haɗu ake samun SS. Shi ya sa rabin sani ya fi jahilci haɗari a hannun marubuci. Cewa ƙwayar gado ce ta jawo abu ba ya nufin daga uwa aka ɗauko shi, ba ya ma nufin an gada daga kowa. Yawancin yara masu cutar Hirschsprung babu wani mai ita a danginsu.

Misali mafi fitowa fili shi ne PHOX2B ɗin nan da na ambata. A 2003 likitoci a birnin Faris suka gano cewa ita ce sanadin wata cuta da ba a cika samu ba, inda jariri ke numfashi in yana farke, amma da ya yi barci sai numfashin ya yi ƙasa ko ya tsaya, saboda ƙwayoyin da ke auna gurɓatacciyar iska a jini su tada ƙirji ba su ginu daidai ba. A cikin umarnin akwai wata gaɓa da ake maimaitawa sau 20. A wurin waɗannan yara an maimaita ta sau 24 zuwa 33. Kamar mai kwafar littafi ne idonsa ya koma layin baya ya sake rubuta shi. Kuma a mafi yawansu, in aka gwada uwa da uba sai a tarar nasu daidai yake, kuskuren kwafin a kan yaron ya fara. To wa za a saka? Wa za a kai ƙara wurin mai unguwa?

Ba na ɓoye cewa akwai waɗanda ake gada daga iyaye biyu, kuma auren zumunci na ƙara yiwuwar haɗuwarsu. Akwai wata da aka gano tushenta a Japan a 1996, a ƙwayar gado mai suna NTRK1, inda yaro ba ya jin zafin ciwo kuma ba ya zufa sam. Ku auna yaron da ba ya zufa a watan Afrilu a Kalgo, rana na sama da digiri 40, jikinsa ya yi ta zafi ana ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro. Ku auna shi ya taka garwashi bai yi kuka ba. A alƙalaminmu wannan ɗan aljanu ne tun shafin farko. Haka yarinyar da aka haifa da farin gashi a goshi, idanu shuɗaye, ba ta ji, wani lokaci har da toshewar hanji. Likitan ido ɗan ƙasar Holan, Petrus Waardenburg, ya bayyana irin wannan a 1951, kuma matafiyan nan ne dai ba su isa inda aka aike su ba. Mu kuwa 'yar ruwa za mu kira ta, mu kai ta bakin gulbi a babi na ƙarshe.

Ita NTRK1 tana da alaƙa da labarin wata mata da nake so 'yan uwana mata su sani. Rita Levi-Montalcini, 'yar Italiya, dokokin Mussolini na 1938 suka kore ta daga jami'a saboda Bayahudiya ce. Ta kafa ɗakin gwaji a ɗakin kwananta, tana aiki da ƙwan kaji. Daga baya a Amurka, ita da Stanley Cohen suka gano sinadarin da jijiyoyin zaburarwa ke rayuwa da shi: gaɓar da jijiya ta je wa ita ke ba ta abinci, wadda ba ta samu ba ta mutu. NTRK1 ita ce bakin da jijiya ke karɓar abincin da shi. An ba su kyautar Nobel a 1986, ta rasu a 2012 tana da shekara 103. Har yanzu kuma fannin bai rufe ba. A 2016 ɗakin binciken Brunet ya ce jijiyoyin da ke kula da mafitsara da ƙarshen hanji, waɗanda littattafai suka yi kusan shekara ɗari suna sa wa a reshen kwantarwa, tsarin ƙwayoyin gadonsu na reshen zaburarwa ne. Wasu masana sun yarda, wasu sun ƙi, ana ta kai ruwa rana.

Abin da nake nema a wurinmu ba shi da yawa. In za ki sa jariri mara lafiya a labari, ki zaɓi cuta ta gaske, ki san alamarta ta farko, ki san kwana nawa take ɗauka, ki san wane asibiti ke iya ta da abin da iyaye ke fuskanta a can. Ki bar mutanen labarin su yi zarginsu, don haka mutane suke, amma kada ke marubuciya ki sa hannu a takardar hukuncin. Kai kuma da ke cewa ba ka san likita ba, Kalgo ga jami'a ga babban asibitin jiha, Birnin Kebbi ga asibitin Sir Yahaya ga na tarayya. Da wuya a rasa ma'aikaciyar jinya ko ɗalibin lafiya ɗaya a cikin dangi ko abokan makaranta da zai karanta maka babi guda ya ce nan ba haka ake yi ba. Masu shirin shiga gasar Hikayata ko wata gasa, ga fili nan da ba a cika nomawa ba.

Saura maganar kalmomi. Jijiyoyi masu cin gashin kansu ta kwanta mini, ƙwayar gado ma ina ganin za ta zauna. Matafiya ce nake jin ta yi faɗi da yawa, don ƙwayoyin jini ma tafiya suke yi. Malamanmu na sashen Hausa da ke cikin wannan zaure, da ɗaliban lafiya, wanda ke da wadda ta fi ta ya kawo mu gwada ta a cikin jimla mu ji yadda take a baki.